Daga Jos zuwa Langtang da gawar tsohon samanja

Wanda muka raka ɗan ƙabilar Tarok ne, tsohon samanja a rundunar sojan ƙasa, kuma dattijon ikilisiya a wata majami'ar COCIN da ke Jos. Ya rasu a asibiti bayan doguwar jinya, ya bar wasiyya a kai shi gida a binne kusa da mahaifinsa, a wani ƙauye da ke gaba da Langtang. Ina cikin kwamitin da ikilisiya ta naɗa ya raka gawar. Jana'izar irin wannan mutum masu ita biyu ne, coci da bariki, kowanne da tsarin da ba ya so a taɓa masa, kuma rabin wahalar tafiyar a wajen daidaita su take.

Tun kafin a tada mota akwai takardu uku da dole su shiga hannu: shaidar mutuwa daga likita, takardar sakin gawa daga ɗakin ajiye gawa, da takardar sallamarsa daga aikin soja. Biyun farko na masu shingen hanya ne, ta ukun ita ce ake liƙa wa wasiƙar da iyali za su rubuta wa hukumar soja suna roƙon a aiko masu fareti. Soja mai ritaya ba a turo masa masu harbi da mai begila haka kawai don an ji ya mutu, sai an nema, kuma da wuri. Iyalin nan sun kai tasu wasiƙar barikin Rukuba, hedikwatar runduna ta 3, tun ranar da aka tsayar da ranar biso. Kowace takarda aka yi mata kwafi aka ba direban motar gawa, na asalin suka zauna a jakar babban ɗa.

Kayan da za a sa wa gawa ana kai wa ma'aikata tun jajibere. Gawar da aka yi wa allurar hana ruɓewa ta kwana biyu a sanyi sandarewa take yi, hannu ba ya lanƙwasuwa, shi ya sa ake tsaga riga ta baya a lulluɓa a cusa gefen. Wanda bai san haka ba ya ga an sa almakashi a sabuwar shadda sai rai ya ɓaci. An ɗan yi gardama ko kaki za a sa masa, amma matarsa ta yanke magana, ta ce farar rigar da yake zuwa Jibin Ubangiji da ita. Lambobin yabonsa aka jera a kan ƙaramin matashi, jikansa ya riƙe.

Ranar Juma'a da sassafe muka tashi. Motar gawa ce a gaba, da ɗanyen ganye a goshinta da hoton marigayi a gilashi, sai motar Mama, matar marigayi, sai bas ɗin Zumuntar Mata, sai ta matasa. A ƙarshe aka sa motar da ke ɗauke da makanike da jarkokin ruwa da tayar safaya, domin in ka sa shi a gaba, duk wadda ta lalace a baya ba zai sani ba sai ya isa. Akwatin an ɗora shi a kan tsohuwar katifa, aka ɗaure da majanyu biyu a jikin ƙarafan motar, aka cusa buhunan tsumma ta kai da ta ƙafa. Amfanin wannan sai a gangaren Fankshin ake ganinsa.

Tafiyar kusan kilomita 200 ce. Bukuru, Mararrabar Jama'a, Heipang inda filin jirgin sama yake, Barikin Ladi, duk a kan tudu ake, da sanyin da ke sa a rufe gilashi. A Mangu muka fara cin karo da cunkoso, don Juma'a ce ranar kasuwarta, motocin masara da dankalin Turawa sun cinye rabin kwalta. Mai rakiyar gawa ya yi ƙoƙari ya wuce nan kafin kasuwa ta cika, in ba haka ba ayarin zai tsinke gida uku. A Panyam hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Shendam, mu muka bi ta Fankshin.

Daga Fankshin ne ake sauka daga tudun Filato, kuma nan ne direba ke nuna ko ya iya. Gangare ne mai tsawo da kwanoni, duwatsu a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Bas mai cike da mutane in aka dinga taka masa birki ba hutawa, birkin zai yi zafi, mansa ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse babu abin da ya kama. Maganinsa a sa giya ta biyu tun daga sama a bar inji ya riƙe motar, birki kuwa a dinga dangwala shi ana saki. Mun tsaya a saman kowa ya duba tayoyinsa da ɗaurin akwati, makanike ya bi direbobin ɗaya bayan ɗaya yana nanata musu zancen giya. A wannan hanya ta Fankshin zuwa Langtang ne Sanata John Shagaya, shi ma tsohon janar, ya rasu a hatsarin mota a watan Fabrairun 2018.

Kana wuce Kabwir da Amper iska ta sauya. Rigunan sanyin da aka fito da su daga Jos duk suka koma jaka. Wannan zafi ya shafi gawa: gilashin da ke kan fuskar akwatin yakan yi gumi ta ciki, fatar fuska ta soma duhu. Don haka ba a barin motar gawa a rana, kuma ba a buɗe akwati sau biyu sau uku don wani ya makara.

Langtang an san ta da janar-janar. Domkat Bali, Joe Garba wanda ya karanta sanarwar juyin mulkin 1975 kuma daga baya ya shugabanci babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, Joshua Dogonyaro wanda ya karanta ta 1985 ya kuma jagoranci dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, ECOMOG, a Laberiya, Jeremiah Useni, da shi Shagaya, duk 'yan wannan ƙasa ne. A ganina lissafin janar-janar ɗin yana rufe abin da ya fi yawa. Kusan kowane gida da ka shiga a ƙauyukan nan akwai hoton wani kofur ko saje a bango, kuma albashinsu da fanshonsu ne suka yi rufin kwanon da kake gani, suka biya kuɗin makaranta. Ita ma ikilisiyar tsohuwa ce a nan: 'yan mishan na Sudan United Mission ƙarƙashin Karl Kumm sun fara sauka a gindin dutsen Wase a 1904, suka buɗe tasha a Langtang a 1907, daga aikinsu ne COCIN ta fito.

Da muka isa ƙauyen, kafin a sha ruwa, mu biyu muka wuce duba kabari da awo a hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna akwati a manta da hannayensa, waɗanda ke ƙara inci biyu ko uku ta kowane gefe, ko a auna rami a manta da kaurin bulo. Akwatin babban mutum yakan kai ƙafa shida da rabi. Ana so cikin kabari, bayan an gina, ya zama ƙafa bakwai da rabi a tsawo, uku a faɗi. Bulo mai inci shida zai ci ƙafa guda cur a tsawo da faɗi, saboda haka ramin da za a haƙa ƙafa takwas da rabi ne da ƙafa huɗu. Murfin kankare gida huɗu aka yi shi, kaurin inci uku da rodi a ciki, kwaɓin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ana zuba shi aƙalla mako guda kafin biso, ana ba shi ruwa safe da yamma. Wanda aka zuba shekaranjiya a hannun masu ɗauka zai tsage, a gaban jama'a. Na nan ya yi daidai, sai dai ba a tanadi igiyar saukarwa ba, aka aika yaro cikin gari ya sayo guda biyu masu kauri, kowacce ƙafa ashirin.

Da dare aka yi zaman waƙoƙi. Matan Zumunta cikin zanensu iri ɗaya suka jera da tukwanen kiɗa da caki, suna yi da Hausa suna juyawa da Tarok. A nan, ba a coci ba, aka ji ko wane ne mutumin. Ya shiga soja yana saurayi a tsakiyar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar ta kumbura daga kimanin mutum dubu goma zuwa wajen dubu ɗari biyu da hamsin, ana kwasar samari a ba su horon gaggawa a tura. Ya je Lebanon cikin dakarun kiyaye zaman lafiya da Najeriya ta fara turawa a 1978. Kafin a soma zuwa Laberiya a 1990 ya riga ya ajiye kaki, ya kama gadi a wata makaranta, da damina ya dawo gida noma.

Mama ta ce duk ƙarshen wata a kan tebur yake zazzage albashi ya kasa: na Ubangiji tukuna, sai na makaranta, sai na abinci, abin da ya rage nasa ne, galibi kuma ba ya raguwa. A ɗaki biyu na bariki ya riƙe 'ya'yansa da na ƙannensa. Ƙarfe biyar na asuba addu'a ce, ko baƙo ne kai sai ka fito. Labarin yaƙi bai taɓa ba su ba. Abin da kawai suka sani shi ne ba a zubar da tuwo a gidansa, in yaro ya rage sai ya ce ya ga yaran da za su yi kokawa a kan wannan lomar. Babbar 'yarsa ta tashi ta ce, "Baba yana da zafi, mun sha bulala, wani lokaci ma ba da laifinmu ba. Da ya tsufa shi da kansa ya tara mu ya nemi gafara." Na fi jin wannan shaida a kan duk takardar tarihin da aka karanta washegari, wadda yabo ne tun daga sama har ƙasa.

Sojoji suka iso da safiyar Asabar, wani saje ne ke jagorantar su. Nan take muka zaunar da shi da rabaran a ƙarƙashin bishiya. Rabaran ya ce, "Yallaɓai, bindiga ba za ta shiga ɗakin sujada ba." Sajen ya ce, "Ba damuwa, Baba. Amma daga ƙofa zuwa kabari namu ne." Aka shirya a kan haka. In ba a yi wannan zama ba, a bakin kabari za ka ga fasto ya ɗaga hannu zai sa albarka, mai ba da oda kuma ya daka tsawa, kowa ya rasa wa zai bi.

An lulluɓe akwatin da tutar ƙasa, aka kama kusurwoyinta da fil saboda iska, aka ɗora hula da ɗamara da takalmi a kai. An yi wa'azi daga Timoti ta Biyu 4:7, mai maganar yin yaƙi mai kyau da gama tsere, ayar da kusan ba a binne tsohon soja Kirista ba tare da ita ba. Sujadar ta ja, kamar kullum, domin kowace ƙungiya tana da waƙarta. Da aka fito, sojoji shida suka saɓa akwatin da takun nan nasu na a hankali. A bayansu 'yan mazan jiya na ƙungiyar tsofaffin sojoji, wasu da sanda, wani ana riƙe da gwiwar hannunsa. Ɗaya daga cikinsu kakinsa ya yi masa yawa har an naɗe hannun, amma da mai oda ya yi kira sai ya saki sandar ta faɗi, ya ƙame, ya sara.

Tuta ba ta shiga kabari. An cire ta da kayan da ke kanta, aka ninke aka miƙa wa Mama. Mutum huɗu suka kama bakin igiyoyi, ɗaya yana ƙirga musu don kada kai ya riga ƙafa sauka. Rabaran ya zuba ƙasa, iyali suka zuba, sannan masu harbi suka ɗaga bindigogi sama suka saki sau uku a tare, da harsashin da ba shi da kai. Mutane na ce wa wannan harbi ashirin da ɗaya, amma wancan na igwa ne, na shugabannin ƙasa da manyan bukukuwa. Mun riga mun sa an yi shela da Tarok cewa za a yi harbi, aka janye yara da masu hawan jini baya, duk da haka sai da wasu mata suka zube ƙasa. Mai begila ya busa ta sallama, aka yi shiru, ya busa ta farkawa, rabaran ya rufe da albarka. Magina suka jera murafen suka liƙe tsakaninsu da siminti.

Kafin mu juya aka zaunar da babban ɗa a kan sauran aiki. A karɓi takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya, a sanar da Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, a nemi takardar izinin kula da gado daga babbar kotu. Kada kowa ya ci gaba da cirar fansho da katin marigayi, in aka gano za a bi kuɗin, ya kuma jawo wa haƙƙin iyali tsaiko. Sai a duba sunan magajin da ke cikin takardunsa na soja. Da yawa sun rubuta uba ko wa tun suna kurata marasa aure, ba su sake komawa kai ba, matar ta zo ta tarar sunan wanda ya mutu shekara talatin da suka wuce ne a wurin. Shi marigayin ya sauya nasa tun yana aiki, kwafin na cikin akwatin ƙarfensa tare da katin baftismar kowane yaro.

Ƙarfe biyu muka kama hanya don mu hau Fankshin da sauran rana. A hawa inji ne ke shan wuya: bas ɗin mata ya yi zafi a tsakiyar tudu, aka sa duwatsu a bayan tayoyi, aka jira ya huce kafin makanike ya buɗe murfin lagireto ya ƙara ruwa. Da magariba muka shiga Mangu.