Nauyin injin jirgi da bayan bakanike

Injin bayan jirgin ruwa ƙirar Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda shi aka fi kawo mana, nauyinsa kilo 70 ne da 'yan kai. Kusan buhun siminti ɗaya da rabi ke nan. Ɗan dakon da ke sauke tirela zai yi dariya in ya ji, kuma yana da gaskiyarsa. Sai dai buhu yana kwanciya a kafaɗa ya bi jikin mutum, shi kuwa inji ba shi da wajen kwanciya. Nauyin duk ya taru a kai, inda silinda da fulawil suke, ƙafa ga ta doguwa tana lilo, a ƙarshenta farfela mai kaifi, jikin kuma duk santsin baƙin mai. Wanda zai ɗaga shi ma ba a kan daɓe yake ba, ko dai yana cikin jirgin da ke rawa, ko ƙafafunsa sun nutse a taɓon bakin kogi. Mai doki 15 bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya kan rungume shi ya wuce. Mai doki 75 ya haura kilo 100, kuma duk wanda ya ce shi kaɗai zai sauke wannan, a bar shi da bakinsa.

Ni ba da injin jirgi na fara kanikanci ba. Janareta na koya da injin ban-ruwa na masu lambu da ke bakin Kogin Kaduna, wajajen Malali da Rafin Guza. Kaduna ba garin jiragen inji ba ne sosai, yawancin kwale-kwalen masunta da na masu yashi da gora da filafili ake tuƙa su. Amma kogin nan namu shi ne aka datse a Shiroro ta Jihar Neja a 1990, tafkin da ya taru can kuma da inji ake ratsa shi, saboda haka injuna kan biyo mota su zo Kaduna neman gyara da kayan gyara. Ga kuma 'yan ƙalilan da ke aiki a nan cikin gari, musamman in ruwa ya cika. Maigidanmu ya yi zama a bakin Kogin Neja yana saurayi, shi ya sa aikin ke zuwa wurinsa, mu kuma muka tsinci sana'ar a hannunsa.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, yawancin lokacin da inji ya ƙi ɗaguwa daga ruwa, ba nauyinsa ne ya hana ba. Wani abu ne ke riƙe da shi.

Akwai wani ƙaƙƙarfan yaro da aka kawo koyon aiki, irin masu ɗaga ƙarfe da yamma. Maigida ya ce ya ɗage ƙafar wani inji daga ruwa za a duba farfela. Yaro ya kama, ya ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi, gindin jirgin yana nutsewa yana tasowa, inji ko gezau.

"Maigida, ya ƙi."

"Ka saki makullin?"

"Wane makulli?"

Maigida ya miƙa yatsa biyu ya ture wani ɗan ƙarfe a gefen mazaunin injin, ya ce, "To, ja yanzu." Da hannu ɗaya ya taso. Makullin nan dalilinsa ribas ne. In aka sa giyar baya, farfela kan ja ƙafar injin ta yi baya ta nemi fita daga ruwa, shi ne aka sa ƙugiya ta kama sandar da ƙafar ke jingina a kai. Muddin ƙugiyar na kame, da jirgin gaba ɗaya mutum yake kokawa. Na sha ganin an lanƙwasa ƙugiyar, an ɓalle murfin inji, wani ma ya tashi da ciwon ƙugu, duk a kan ɗan ƙarfen da bai fi yatsa ba.

In an saki makulli kuma har yanzu ana nishi, to tsatsa ce. Injin yana juyawa ne a kan wani bututu da ya ratsa mazauninsa, kuma akwai 'yan nonuwan giris a wurin da ba kowa ke waiwayarsu ba. Ruwan Kaduna na damina ja ne, cike da laka da ɓarɓashin yashi, shi ke shiga ya bushe ya cije bututun. Mai jirgi zai zo yana cewa injinsa ya yi nauyi, ko kuma shi ne tsufa ya kama. Sai a wanke wurin, a ɗura giris har tsohon ya fito baƙi ƙirin ta gefe, a ɗaga a sauke, a ɗaga a sauke. Ka ga mutum yana mamaki kamar an sauya masa inji. Ni dai yanzu duk injin da aka ce ya yi nauyi, bindigar giris nake fara ɗaukowa kafin in kira kowa ya kama mini.

Inda ake kamawa ma magana ce. Hannun tuƙi yana nan a miƙe, dogo, sai ya ja hankalin mutum ya danna shi ƙasa don ƙafa ta tashi. Littafin Yamaha da kansa ya hana wannan, don hannun kan karye, kuma ba don wannan aikin aka ƙera shi ba. Bayan murfin ake kamawa, inda aka yi masa wajen sa yatsu. A kashe inji tukuna, giya tana firi. Wanda ya ɗage inji yana aiki ya ƙona robar famfon ruwa, domin ruwan da take tsotsa shi ne yake sanyaya ta, ba ta jure gudu a bushe ko na ɗan lokaci. In zai daɗe a ɗage, a zare tiyon fetur, in ba haka ba kafireto zai yi ta zubar da mai cikin jirgi, ga masu shan sigari.

Farkon ɗagawar shi ne mai wuya. Da ƙafa ta bar ruwa, kan injin ya fara rinjayowa cikin jirgi, sai nauyin kan ya koma yana taimakon mai ja. Don haka ba fizga ake yi ba. A matso kusa, ƙafa ɗaya a dafe da katakon gindin jirgi, a durƙusa kaɗan, baya a miƙe, a jingina da baya a bar cinyoyi da nauyin jiki su yi aikin. Dattijan matuƙa da ƙarfinsu ya ragu suna da wata dabara da nake so: su ɗaura igiya a ƙafar injin, sama da faifan da ke kan farfela, su biyo da ita ta kan murfi, su ja daga cikin jirgi. Tun da igiyar can nesa da majuyar ta kama, ƙarfi kaɗan ya isa. Wasu samari na ganin abin kunya ne. Tsofaffin nan dai har yau suna sunkuyawa su yi ruku'u ba tare da dafa bango ba.

Na kawo maganar ruku'u ne don ɗagawa ɗaya ba ta cika kashe baya ba, maimaitawa ce ke cinye shi. Da rani Kogin Kaduna duwatsu ne da tsibiran yashi, ruwa na bi ta tsakaninsu. Matuƙi zai ɗage ƙafa ya wuce dutse, ya sauke, ya yi gaba kaɗan ya sake ɗagewa, haka har yamma, kuma kusan kullum a karkace yake yi, hannu ɗaya a baya, ido a gaba. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum zai riƙa ɗagawa da hannu biyu, shi ma in komai ya daidaita: kayan na manne da jiki, akwai wajen kamawa mai kyau, babu murɗa ƙugu. Da an ƙara nisa ko murɗawa ko yawan maimaitawa, sai adadin ya yi ƙasa. Mu a bakin kogi babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da muke cikawa. Shi ya sa ciwon baya da ƙaba suka zama kamar gadon sana'ar, ana ta shan jiƙo da maganin ƙarfin jiki, alhali gyaran yana wurin tsayuwa. Injuna da yawa suna da matakin ruwa marar zurfi, inda ƙafa ke zama a ɗan ɗage ana tafiya a hankali. Matuƙa da dama ba su taɓa amfani da shi ba don ba wanda ya nuna musu.

In inji ya ɗagu, a tabbata ƙarfen tokare ya shiga mazauninsa kafin a saki. Ko ya shiga, ba a sa hannu ko kai a ƙarƙashin ƙafar. Maigida ba ya yarda da ƙarfen nan shi kaɗai. Akwai wani guntun katakon maɗaci da ya yi baƙi don shan mai, gefensa duk shatar haƙoran ƙarfe, shi ake cusawa tsakanin mazauni da ƙafa kafin kowa ya taɓa farfela. Ranar da katakon ya ɓace, aiki tsayawa yake sai an nemo shi.

Manyan injuna na zamani kuwa da maɓalli ake ɗaga su, famfon mai ne ke turawa. Ranar da batir ya mutu ko motar famfon ta ƙone, ƙato goma ba za su motsa shi ba, don man da ke cikin silindar ɗagawa ya kulle. Akwai wani sukuru a gefen mazaunin da ake sassautawa da sukundireba, mai ya sami hanya, sai a ɗaga da hannu. Sassautawa ake yi, ba cirewa ba. In kuma injin a sama ya maƙale, sai an sa mutane sun tallabe shi kafin a taɓa sukurun, domin da mai ya saki, ƙafar ƙasa za ta yo da dukkan nauyinta. In an gama a mayar a ɗaure.

Cire inji daga jirgi ɗungurungum shi ne inda ake asara babba. Nan ma ƙarfi ba ya ƙaranci, kullum akwai 'yan kallo masu son taimako. Abin da ke ƙaranci shi ne shiri. Mu dai mukan juyo da gindin jirgi bakin gaɓa, a ɗaure shi gaba da baya kada ya zame lokacin da nauyi ya bar shi, don jirgi kan yi tsalle ya gudu daga ƙarƙashin mutane a daidai wannan lokacin. A shimfiɗa katako a kan taɓo. A share hanya tun daga ruwa har inda za a ajiye, a kuma san inda za a ajiye ɗin tun kafin a ɗauka, ba sai ana riƙe da kilo 70 a fara cewa "ina za mu kai shi?" ba. A ɗaura igiya daga injin zuwa jirgi. Sukurorin matsewa su ne na ƙarshe da ake kwancewa, kuma ba a kwance su sai hannuwa na kan inji. Mutum biyu a kai, ɗaya a ƙafa, farfela na kallon waje.

Kuma baki ɗaya ne ke magana. Wannan na fi ɗaukarsa da muhimmanci fiye da duk sauran. In mutum uku suka kama, ɗaya ya ɗaga kafin 'yan'uwansa, shi kaɗai ya ɗauki injin na daƙiƙa guda, kuma daƙiƙar nan ta isa ta kwantar da shi wata guda. Maigida kan ce, "Kowa ya yi shiru. Bismillahi. Ɗaya, biyu, uku." Ko mai jirgin ne, ko Alhaji ne da ya saya da kuɗinsa, in ya sa baki a tsakiya sai an sauke an sake lale. Da farko ina ganin tsiwa ce a gaya wa babba ya yi shiru. Yanzu da nake da nawa yaran, ni ma haka nake yi, sai dai nakan fara da "Alhaji, a yi mana haƙuri."

A tsaye ake ɗaukar inji, kai a sama. In kai ya yi ƙasa da ƙafa, ragowar ruwan da ke ciki kan gangaro ta hanyar hayaƙi ya shiga silinda. Masu zagaye huɗu, waɗanda baƙin mansu daban yake da fetur, sun fi nauyi kuma sun fi tsirfa: gefe ɗaya kawai aka yarda a kwantar da su, in aka kuskure mai ya malale cikin silinda. In kuwa ƙaddara ta faɗa inji ya nutse, kada a ja igiyar tayarwa don a gwada. Ruwa ba ya matsuwa, sandar fistan ce za ta lanƙwashe. A cire fulogi, a juya a hankali ruwan ya fita, a wanke laka, a zuba mai a silinda, a wanke kafireto, a nemi tayar da shi a ranar. Wanda ya bar shi ya kwana biyu yana jiran kuɗin gyara, tsatsa ta riga shi.

Daga mai doki 60 zuwa sama na daina yarda a ɗauka da hannu. Na sa an yi mini waldar ƙafa uku ta bututun ƙarfe a kasuwar Panteka, na rataya mata cen-bulok, wato ƙugiya mai sarƙa ta ɗaga kaya masu nauyi, ana kwance ta a ɗora a Keke Napep zuwa bakin ruwa. Manyan injuna suna da wurin maƙala ƙugiya a samansu in an cire murfi, ta nan ake ratayawa, inji ya tashi a miƙe yaro ɗaya na jan sarƙa. Masu jirgi ba sa so. Kafawa na cin lokaci, ga kuɗin keke da nake ƙarawa a kan aiki, ga samari a tsaye suna cewa a ba su na shayi su sauke shi yanzu-yanzu. Wani lokaci mai jirgin ya bi ta samarin, ni kuma in koma gefe in jira a kawo mini shi kan tudu. Wani lokaci ya biya kuɗin keken.