Motar Manila da haƙurin da aka yi shekara takwas ba a ba da ba

Shekaran jiya da azahar kasuwa ta yi sanyi, an ɗauke wuta tun safe, muna zaune a shago a Kwari kowa na fifita da kwali, sai yaron maƙocinmu ya miƙo min waya wai Yaya duba ka ga wani abu. Wani tsohon bidiyo ne ya ci karo da shi a TikTok, doguwar bas a tsaye cikin ruwan sama da daddare, 'yan sanda sun laɓe a jikinta, ɗaya yana ta dukan gilas da guduma gilas ɗin ya ƙi fashewa. Yaron sai dariya yake, ya ɗauka fim ne. Nace masa kai rufe bakinka, a lokacin da ake wannan dukan akwai gawarwaki a cikin motar nan.

Ni na kalli abin nan a lokacin da ya faru, a talabijin ɗin falon maigidana, azumi ne ma ba zan manta ba. Ranar 23 ga Agusta 2010 ne, a Manila babban birnin Filifin. Wani korarren ɗan sanda mai suna Rolando Mendoza, sanye da kakinsa da bindiga M16 a kafaɗa, ya tare motar 'yan yawon buɗe ido da suka zo daga Hong Kong, mutum 25 ne a ciki har da direba da masu yi musu jagora. Aka kai motar wani babban fili da suke kira Quirino Grandstand aka tsaya. Abin da yake so ɗaya ne, a mayar da shi bakin aikinsa. An kore shi ne bisa zargin tatsar kuɗi a hannun wani, shi kuma yace ba a saurare shi ba, ƙorafin da ya shigar ya daɗe a ajiye babu wanda ya waiwaye shi. Abin mamakin ma mutumin nan a 1986 yana cikin 'yan sanda goma da aka karrama a matsayin waɗanda suka fi ƙwazo a ƙasar.

Da farko fa kamar za a rabu lafiya. Ya saki mutum tara, yara da tsofaffi da marasa lafiya, ana kai abinci, ana magana da shi ta waya, yana rubuta saƙo a takarda yana mannawa a gilas. Inda aka kwafsa da magariba ne. 'Yan sanda suka kama ƙaninsa, shi ma ɗan sanda ne, suka riƙa jansa yana ihu a gaban kyamarori, su kuma gidajen talabijin suna haskawa kai tsaye, ita kuma motar akwai talabijin a cikinta. Wato mutum mai bindiga da ransa ya riga ya ɓaci yana zaune yana kallon yadda ake jan ɗan uwansa a ƙasa, kuma wani gidan rediyo na hira da shi a waya a daidai wannan lokacin, to me ake jira. Ya buɗe wuta. Direba ya samu ya fice ta taga yana gudu yana cewa an kashe kowa, daga nan ne aka fara wannan dukan gilas ɗin da yaro yake wa dariya. 'Yan sanda suka ɗaura igiya a ƙofa wai a ja da mota, igiya ta tsinke. Sama da awa guda ana wannan kiciniya duniya na kallo kafin a harbe Mendoza. 'Yan Hong Kong takwas suka mutu. Akwai wata mata da ta rasa mijinta da 'ya'yanta mata biyu a cikin motar, ɗanta namiji kuma ya fito da mummunan rauni a ka.

Ina cikin ba yaron wannan labari sai Baba Alhaji, dattijon da ke shagon gefenmu wanda ya fara zuwa Chana tun ba mu san meye fasfo ba, ya ajiye carbinsa yace ai ba kisan ne ya fi ƙona wa mutanen can rai ba. Nace to Baba me ya fi kisa? Yace abin da aka yi bayan kisan.

Kuma gaskiyarsa. Shugaban Filifin na lokacin, Benigno Aquino III, wata biyu bai cika ba a kan mulki. A ranar, shugaban gwamnatin Hong Kong Donald Tsang ya yi ta neman sa a waya bai same shi ba. Da Aquino ya fito gaban 'yan jarida kuma aka ga kamar murmushi a fuskarsa, daga baya ya yi bayani wai haka fuskarsa take yi in ransa ya ɓaci, amma ina, hoto ya riga ya zagaya. Sai ga hotunan 'yan makaranta har da wasu 'yan sanda sun tsaya gaban motar suna ɗaukar hoto kamar a wajen biki. Sai ga akwatin gawar Mendoza an lulluɓe shi da tutar ƙasa, har sai da ofishin jakadancin Chana ya yi ƙorafi aka cire. Kwamitin bincike ƙarƙashin ministar shari'a Leila de Lima ya gano har magajin garin Manila Alfredo Lim ya bar wajen ya tafi cin abinci a daidai lokacin da abu ya fara cakuɗewa, kwamitin ya ba da shawarar a hukunta manya da dama, fadar shugaban ƙasa ta sassauta. Ku ɗan kwatanta, a kashe maka ɗa a gidan mutum, ka zo ɗaukar gawa ka tarar ana shewa a tsakar gida.

Iyalan mamatan abu huɗu suka nema, a nemi afuwarsu, a biya diyya, a hukunta jami'an da suka yi sakaci, a gyara tsaron baƙi. Na farkon ne ya gagara. Aquino ya kafe a kan cewa laifin mutum ɗaya ne, ba za a ɗora wa ƙasa guda ba. Ni kuma a nan nake ganin ya yi wayon da bai ci ba, don babu wanda yace shi ya ɗana bindiga. Mu Hausawa mun san bambancin abubuwan nan sarai. Akwai jaje, Allah ya kiyaye gaba, wannan ko ɗan hanya zai yi maka. Akwai ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri. Akwai kuma wanda mutum zai cire hula ya durƙusa yace abin nan a hannuna ya lalace, ku yafe min. Gwamnatin Filifin ta yi na ɗaya ta yi na biyu har da ranar makoki, na ukun ne ta ƙi. Kuma baƙo ai amana ne, in ya kwana a zaurenka wani abu ya same shi ba ka cewa ai ba ni na yi ba, ɓarawon unguwa ne.

To sai zumunci ya yi tsami. Hong Kong ta sa Filifin a baƙin jerin ƙasashen da take gargaɗin mutanenta kada su je sam, matakin ƙarshe kenan, har daga baya ta zama sahu ɗaya da Siriya da ake yaƙi. Kwana shida bayan kisan dubun dubatar mutane suka yi tattaki a titunan Hong Kong. A 2011 kotun binciken musabbabin mutuwa ta can ta zauna ta ce sakacin jami'an Manila ya taimaka wajen mutuwar mutanen. A Fabrairun 2014 kuma suka soke shiga ba biza ga masu fasfon gwamnati da na diflomasiyya na Filifin. Sai a Afrilun 2014, da sabon magajin garin Manila Joseph Estrada, wanda tsohon shugaban ƙasa ne, ya tashi takanas ya je Hong Kong, aka tsara wata sanarwa mai kalmomin nadama da alhini da aka auna su kamar ana auna gwal, aka ba iyalai kuɗi, sannan aka janye takunkumi. Amma a fito fili shugaban ƙasa yace ku yi haƙuri, wannan sai a Afrilun 2018, lokacin da Rodrigo Duterte ya je Hong Kong ya faɗa da bakinsa. Shekara kusan takwas a kan maganar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Kada dai in cika ku da cewa duk rigimar Chana da Filifin daga motar nan ta fito, a'a. Hong Kong ta koma hannun Chana tun 1997, harkar waje Beijin ce ke riƙe da ita, kuma ita Beijin tana da nata lissafin. Babbar rigimarsu ta teku ce, a 2012 jiragensu sun yi cirko-cirko a Scarborough Shoal, wani wuri a teku da kowannensu ke cewa nasa ne, nan da nan ayabar Filifin ta fara ruɓewa a tashoshin Chana wai an ga ƙwari a jiki, kamfanonin yawon buɗe ido suka daina kai mutane. A 2016 kotun sulhu a Hague ta ba Filifin gaskiya, Chana tace ba ta san zance ba. Shi ma haƙurin Duterte ai ba don Allah da Annabi kaɗai ba ne, lokacin yana zawarcin jarin Chana ne. Amma motar ita ce ta shigar da abin cikin zuciyar talaka, rigimar teku ta manya ce, gawa a talabijin kuwa kowa ya gani.

Waɗanda ni suka fi tsaya min a rai dabam ne. Shekarun baya mun taɓa bi ta Hong Kong ni da maigidana a hanyarmu ta Gwanzu, ranar Lahadi ce, muka fito unguwar da suke kira Central, sai na ga mata birjik a zaune a kan kwalaye, ƙarƙashin gadoji da gindin manyan bankuna, wasu na cin abinci a roba, wasu na yi wa juna kitso da yankan farce, wata na ta kuka a waya tana nuna wa yaro fuska a kyamara. Na tambayi maigida ko zanga-zanga ake, yace a'a 'yan aikin gida ne, yawancinsu 'yan Filifin, yau ce ranar hutunsu kuma ba su da ɗakin kansu da za su zauna. A 2010 sun haura dubu ɗari a garin. To ka duba, matan nan su ne suka kwana a gidajen mutanen da ke kallon abin a talabijin a daren nan. Ita ce za ta kawo wa uwar ɗakinta shayi a falo ana haska 'yan sandan ƙasarta suna fama da guduma. An yi ta rahoton wasu an zage su a hanya, wasu an sallame su daga aiki, har sai da hukumomin Hong Kong suka fito suna roƙon jama'a kada a huce a kansu. Su ba su san Mendoza ba, ba su zaɓi wanda zai ja ƙaninsa a ƙasa ba, amma su ne a kusa da hannu. Shugaba yana fadarsa yana kare martabar ƙasa, mai wanke-wanke ce ke sunkuyar da kai.

Mu ma nan ai mun ɗanɗana ta kowane ɓangare. A Afrilun 2020 lokacin korona da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidaje da otal a Gwanzu, mutanenmu na kwana a titi, wallahi a Kwari ranar in ka ga ɗan Chana ya wuce sai ka ji ana ƙus-ƙus, alhali shi yana nan Kano bai san hawa ba bai san sauka ba. A Satumbar 2022 kuma da wani ɗan Chana ya kashe wata baiwar Allah a Janbulo, gari ya ɗau zafi, wanda muke sarin yadi a wajensa kwana uku bai leƙo kasuwa ba, sai yaransa. Abin da ya kwantar da ƙura shi ne an kama mutumin, an kai shi kotu a bainar jama'a, ƙungiyarsu ta 'yan Chana ta fito ta yi Allah wadai ba ta tsaya kame-kame ba, kuma a 2024 kotu ta yanke masa hukuncin kisa.

Ta ɓangaren baƙi kuwa, wanda ya girma a cikin gari ya san da can in an zo Hawan Daushe sai ka ga Turawa jere a rumfa a Ƙofar Kudu da kyamarori, fuska ta yi ja saboda rana, washegari su wuce marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi su sayi jakar fata da tsada ana murna. Bayan harin 20 ga Janairu 2012, da kuma injiniyan nan Bajamushe da aka sace a watan aka kashe shi bayan wasu watanni, ɗif suka ɗauke ƙafa. Wani dattijo mai sayar da kayan fata a Kurmi ya taɓa nuna min wani tsohon littafi da baƙi ke rubuta masa sunansu da ƙasarsu, shafukan baya cike, na gaba fari tas. Bai ce min komai ba, ya mayar da shi ƙarƙashin tabarma.

Yaron dai da na gama sai yace to Yaya su 'yan Hong Kong ɗin sun haƙura? Kafin in buɗe baki Baba Alhaji yace gwamnati ta haƙura, matar da ta binne miji da 'ya'ya biyu kuwa sai ka je ka tambaye ta. Ya miƙe ya ɗau buta, ana kiran la'asar. Yaron ya sake kunna bidiyon, wannan karon bai yi dariya ba, yana kai wajen gudumar ya kashe ya sa wayar a aljihu, sai ga wata Hajiya ta shigo tana tambayar ko shaddar nan ruwan toka ta iso.