Saita taimin tsohuwar mota: tabbatar da maki kafin ka taɓa distiributa

Mota ta fito daga canjin bel, ta tashi, amma ƙarfinta ya ragu, tana shan mai kamar ta sha yunwa, in ka shiga cunkoson Kurna da rana allurar zafi ta fara hawa. Abin da aka saba yi a gareji shi ne a sassauta notin distiributa, wato mai raba wuta ga fulogi, a murɗa ta da kunne har injin ya daidaita sauti. Sau da yawa wannan rufe ciwo ne kawai, domin taimin iri biyu ne. Akwai na bel ko sarƙa, wanda ke haɗa kiranshaf, shaf ɗin da fistin ke juyawa, da kamshaf mai tura bawul, don bawul ya buɗe a kan lokaci, akwai kuma na wuta, wato lokacin da fulogi ke kunna mai. Idan na farko ya goce, murɗa distiributa ba za ta mayar da shi ba.

Lissafin ba shi da wuya. Kiranshaf na zagayawa sau 2 kafin kamshaf ya zagaya sau 1. A injin Golf 2 mai bawul 8, fulin kamshaf haƙora 44 gare shi, na kiranshaf 22, don haka haƙori ɗaya tak ya kai wajen digiri 16 a kiranshaf. Ba ƙaramar tazara ba ce.

Cire kan batir, cire fulogi duka huɗu don injin ya yi sauƙin juyawa, sa giya a firi. Sa sufana a notin fulin kiranshaf ka juya da hannu, ban da kik. Yawancin injuna suna juyawa yadda agogo ke tafiya in kana fuskantar fuli, amma tsofaffin Honda, irin Accord da Civic na shekarun 1990, akasin haka suke. Toshe ramin fulogi na ɗaya da babban yatsa. Da ka ji iska na turo yatsan, fistin na hawowa ne a kan matsi, shi ake nema. Wanda ya tsallake wannan zai iya ganin makin ƙasa, wato alamar taimin ta kiranshaf, ya hau daidai alhali kamshaf na can a rabin zagaye, rota, ɗan hannun da ke juyawa a cikin distiributa, na kallon silinda ta huɗu. Masu Fijo su kula: silinda ta ɗaya a wajensu ita ce ta ɓangaren giyabos, ba ta gaba ba.

Makin kansa kowane kamfani da inda ya ɓoye nasa. A Corolla mai injin 4A-FE, tsagar da ke gefen fulin kiranshaf za ta tsaya a kan 0 na murfin bel, ƙaramin ramin da ke fulin kamshaf kuma ya kalli alamar da ke bayansa. Sai ka leƙa da tocila. A Golf, makin ƙasa na kan fulawil: akwai murfin roba a saman giyabos, buɗe shi ka nemi 0. Kusa da shi akwai wata alama ta saita wuta, kuma mutane na yawan ruɗewa su ɗora bel a kanta. Golf na da shaf na uku mai juya distiributa da famfon baƙin mai, shaf ɗin kuma kan sulale da zarar an zare bel, don haka rota dole ta kalli tsagar da ke bakin distiributa kafin a mayar. Honda ta rubuta UP a fulin kamshaf ɗinta, da layuka biyu da za su kwanta daidai da saman silinda.

Ƙurar hunturu da baƙin mai kan cike tsagar nan har ta ɓace. Goge ta da tsumma da ɗan fetur, ka shafa alli ko farin fenti. Kada kuma ka yarda da fentin da ka tarar. Wani bakanike ne ya sa, ba ka san ko a kan kuskure ya sa ba, musamman a injin tokumbo da ya bi ta hannu da yawa kafin ya iso Ƙofar Ruwa.

Ko makin kamfani na iya ƙarya. Wasu fulin kiranshaf ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. Zafi da shekaru kan cinye robar, zoben waje ya zame ya tafi da makin. Gwajin mai arha ne: zura siririn sanda mai tsafta a ramin fulogi na ɗaya, juya a hankali, ka ga inda ya daina hawa. Idan a nan maki bai kai 0 ba, fulin ne ya lalace, ko ɗan makullin da ke riƙe shi a kan shaf ya cinye.

Wajen ɗora bel, fara daga kiranshaf ka bi ɓangaren da babu tenshina, wato abin da ke ɗaure bel, ka ja bel ɗin ya miƙe sarai, rarar ta taru a ɓangaren tenshina. Idan ka bar sako-sako a ɗaya gefen, da ka ɗaure sai kamshaf ya ja baya da haƙori. A Golf, bel ya ɗauru daidai idan da yatsu biyu kana iya murɗa shi digiri 90 da ƙyar a tsakiyar doguwar tazara. Daga nan juya injin zagaye 2 cikakku da hannu, ka sake duba dukkan makin. Ka ji ya cije? Tsaya nan. A Honda fistin na iya dukan bawul, kik ɗaya ya isa ya lanƙwasa su, aikin awa biyu ya koma sauke kan injin.

Sai bayan wannan a zo kan wuta, injin da zafinsa, da fitilar taimin a maƙale a wayar fulogi na ɗaya. 4A-FE digiri 10 yake so kafin fistin ya kai ƙololuwa, amma sai an haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da guntuwar waya a ƙaramin akwatin gwaji, in ba haka ba kwamfutar motar za ta riƙa motsa wutar, karatun ya zama banza. Wuta ta yi gaba da yawa, za ka ji ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani in kana hawa gada, kik kuma ya yi nauyi kamar batir ya mutu. Ta yi baya, mota ta yi sanyin jiki, salansa ya yi zafi fiye da kima. Idan kuwa sai distiributa ta ƙure ramin notinta kafin maki ya hau, koma ka buɗe murfin bel.