Takardar jaka biyar a adakar mahaifina

Ranar da muka buɗe adakar mahaifina don rabon gado, a ƙarƙashin manyan rigunansa muka tarar da tsohuwar takardar jaka biyar, wato sefa dubu biyar, naɗe cikin leda. Ta daina ci tun tuni, ko ƙullin gyaɗa ba za ta saya ba. Hoton Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasar Kamaru na farko, ne a jikinta. Ƙannena suka ce a jefar, ni kuwa na sa ta a aljihu.

Baba fataken goro ne, ya yi shekaru yana safara tsakanin kudu da Garwa. Idan aka ambaci Ahijo, magana ɗaya yake yi: "Mutumin nan bai ci kuɗin ƙasa ba." Sai ya shiga lissafi da yatsu. Jirgin ƙasa ya iso Gaundare a 1974, huhun goron da ke kwana da kwanaki a hanya ya daina ruɓewa. Kamfanin auduga na Sodecoton ya tsaya da ƙafarsa a wannan shekarar. 'Yan Sin sun gina madatsar Lagdo a kan Binuwai, aka gama ta a 1982, arewa ta samu lantarki. Duk gaskiya ne, da wutar Lagdo na yi karatun lakwal.

Amma akwai abin da ban lura da shi ba sai da na girma. Baba bai taɓa faɗin sunan Ahijo da ƙarfi ba. Ko yabonsa zai yi, sai ya waiwaya ya dubi ƙofar zaure, ya sassauta murya. Mutumin ya rasu tun 1989, amma Baba bai daina waiwayen ba har Allah ya karɓi ransa.

Na san inda waiwayen ya samo asali. A 1962 aka yi dokar da ta haramta abin da suka kira zagon ƙasa, dokar da aka dinka ta da faɗi kamar babbar riga, kowa aka sa wa sai ta shige shi. Jita-jita a kasuwa ma tana iya zama laifi. A 1966 jam'iyyu duka suka narke cikin guda ɗaya, UNC. Nan kusa da mu, a Collire, a lokacin akwai sansanin da ake ajiye mutane shekara da shekaru ba tare da sun ga alƙali ba, ga kuma irinsa a Mantum da Yoko. A Fabrairun 1962 fursunoni 25 suka mutu cikin taragon jirgi da aka rufe ruf tsakanin Duwala da Yawunde. A ranar 15 ga Janairun 1971 aka harbe Ernest Ouandié, jagora na ƙarshe na 'yan tawayen UPC, jam'iyyar da aka haramta wadda ta ɗauki makami tana yaƙar gwamnati, a bainar jama'a a Bafusam. Mu a arewa yaƙin bai zo ƙofarmu ba, sai dai labarinsa da fatake irin Baba ke kawowa a raɗa. Mutanen ƙasar Bamileke da Basa su suka ga wutar da idonsu.

Makon jiya na fito da takardar a majalisarmu bayan la'asar. Wani dattijo, abokin Baba, ya karɓa ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baffa, to mutanen da aka kulle fa?" Ya ce, "Ɗana, ba a raba faɗan shanu da sandar kara. Ƙasa biyu ya tarar, wata na jin Faransanci, wata na jin Turanci, ya haɗa su a 1961. Maƙwabtanmu Najeriya sun yi yaƙin basasa, Cadi ta yi. Mu fa?" Ban iya ba shi amsa nan take ba, domin maganarsa tana da nauyi. Abin da na tuna daga baya shi ne, tsarin tarayyar da aka yi wa 'yan yamma masu jin Turanci alkawari shi da kansa ya soke ta da ƙuri'ar 20 ga Mayun 1972, kuma raunin nan ne ya sake fashewa a 2016 har yau yana zubar da jini.

Batun kuɗin ma ba a wanke yake tas ba. Da aka fara haƙo mai a ƙarshen shekarun 1970, babban kaso na kuɗinsa ba ya shiga kasafin da majalisa ke gani, asusu na daban aka buɗe masa a waje, mabuɗin yana fadar shugaban ƙasa. Masoyansa na cewa tanadi ne, don kada mai ya kashe noma kamar yadda ya yi a wasu wurare. Na yarda da niyyar. Sai dai rumbun da mutum ɗaya ke riƙe da mabuɗinsa, amanarsa tana ƙarewa ranar da mabuɗin ya canza hannu. Haka sauran abubuwan: dokar 1962 ta ci gaba da aiki har 1990, jam'iyyar guda suna kawai ta sauya a 1985.

Ana kuma yaba masa da sauka don kansa. Ya yi murabus a 4 ga Nuwamban 1982, bayan kwana biyu aka rantsar da Paul Biya. A Afirka ta lokacin, in ka cire Senghor na Senegal, ba kasafai ake ganin haka ba. Amma ya sauka daga doki bai saki linzami ba, ya riƙe shugabancin jam'iyya, aka yi ta ja-in-ja har ya bar ƙasar a 1983. A Fabrairun 1984 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan, daga baya aka sassauta. Irin kotun da ya yi wa wasu shimfiɗa a cikinta, ita ta kira sunansa. Sannan aka yi yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu, 'yan arewa da yawa suka tafi ba su dawo ba. Tsofaffin Garwa har yau ba sa son a tayar da zancen watan nan.

Gawarsa tana maƙabartar Yof a Dakar, matarsa Germaine ta bi shi can a 2021. Doka ta wanke sunansa a Disambar 1991, kuma dokar nan ɗaya ce ta wanke Ouandié, wanda aka harbe a zamaninsa. Ina cikin masu son a dawo da shi Garwa. Ɗan garin nan ne, a nan aka haife shi a 1924, daga aikin tangaraho ya tashi, kuma ko ba komai mutum ya cancanci ƙasar mahaifarsa. Abin da ba na so shi ne a dawo da rabinsa, a yi ta jawabin Lagdo da layin dogo, a tsallake Collire. In za a yi masa addu'a a filin idi, to a bar ɗan Bafusam ma ya tashi ya faɗi nasa ba tare da ya waiwaya ba.

Jiya da dare ɗana ɗan shekara goma ya ga takardar a kan tabarma, ya ce, "Abba, wane ne wannan?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na kama kaina ina duban ƙofa.