Shafin Intanet da Makaho Zai Iya Cike Fom a Kansa: Abin da Ƙa'idar WCAG Take Nema

Cire linzamin kwamfutarka ka ajiye shi gefe. Buɗe shafin da ka gina, ka nemi cike fom ɗin rajistarsa da allon madannai kaɗai: Tab don matsawa gaba, Shift da Tab don dawowa baya, Enter ko Space don dannawa. Shafuka da yawa nan take asirinsu ke tonuwa. Ko dai ka rasa inda kake a kan allo, ko ka shiga akwatin zaɓen jiha ka kasa fita, ko ka isa wurin "Aika" ka danna ya ƙi motsi. Haka makaho yake shiga shafinka kullum, haka ma wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko mai karkarwar hannu da ba ya iya saita linzami.

Ƙa'idar da duniya ke auna ko nakasassu za su iya amfani da shafi da ita sunanta WCAG, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ce ke fitar da ita. Bugu na farko ya fito a 1999, sai 2.0 a Disambar 2008, 2.1 a Yunin 2018, sannan 2.2 a Oktoban 2023. Tana da matakai uku: A, AA da AAA. Mai gina shafi ya sa ido kan AA, domin shi dokoki da kwangiloli suke ambata, kuma cika shi na nufin cika sharuɗɗan A da na AA gaba ɗaya, guda 55 a bugun 2.2. AAA kuwa ita kanta W3C ba ta ba da shawarar a wajabta shi ga shafi dungurungum ba, saboda akwai abubuwan da ba za su taɓa iya cika shi ba.

Batun doka a taƙaice: a Tarayyar Turai dokar da ta wajabta sauƙaƙa wa nakasassu amfani da ayyukan bankuna, kasuwancin intanet da sayar da tikitin sufuri ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025. A Amurka, Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'ida a Afrilun 2024 da ta ɗora wa shafukan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi WCAG 2.1 AA. Najeriya da Nijar duk sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, wadda sashe na 9 nata ya ambaci intanet ƙarara, kuma Najeriya tana da dokar hana nuna wa nakasassu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Duk wanda ke karɓar aikin gina shafi daga abokan ciniki na Turai, to ya san wannan sharaɗin zai iske shi a takardar kwangila.

Tushen aikin dai yana cikin HTML, harshen da ake rubuta ƙashin shafi da shi, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Manhajar karanta allo, irin su NVDA da JAWS a Windows, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, ba ta ganin abin da idonka ke gani. Abin da ke ƙarƙashin zane take karantawa: wannan kan magana ne, wannan mahaɗi ne, wannan maɓalli ne, sunansa kaza. Idan ka ɗauki div, wato akwatin HTML da ba ya ɗauke da wata ma'ana, ka yi masa launi da kusurwa mai kyau, ka ɗaura masa umarnin dannawa, a idon mai gani maɓalli ne. A wurin manhajar kuwa rubutu ne kawai: Tab ba zai tsaya a kansa ba, Enter ba zai motsa shi ba, ba kuma za a sanar da cewa ana danna shi ba. Da button ka rubuta, duk waɗannan ukun kyauta za su zo maka. Masu son gyara div ɗin sai sun ƙara role, sun ƙara tabindex, sun rubuta lambar da za ta saurari Enter da Space, kuma galibi sai an manta ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar farko ta ARIA (ƙarin alamomi irin su role da ake sa wa HTML domin manhajar karanta allo) take cewa idan HTML yana da abin da kake so, yi amfani da shi ka bar ARIA. A ganina rabin matsalar shafukanmu daga wannan ɗabi'ar take.

Kanun magana ma haka. Mai amfani da NVDA ba ya sauraron shafi daga sama har ƙasa. Yana danna H ya yi tsalle daga kan magana zuwa wani, kamar yadda mai gani ke zazzare ido. Idan "kan maganar" naka rubutu ne da ka ƙara wa girma da kauri, H ba zai same shi ba. Sa h1 ɗaya ga taken shafi, h2 ga sassa, h3 ga ƙananan sassa, girman rubutu kuma a bar wa CSS mai kula da adon shafi. Mahaɗai su faɗi inda za su kai mutum. Manhajar tana iya jero duk mahaɗan shafi wuri ɗaya, to idan goma sha biyu duk "Latsa nan" suke cewa, wanne zai latsa?

Yanzu hoto, wanda shi ne babban ciwon shafukan makarantu, ƙungiyoyi da 'yan kasuwa a wajenmu. An saba a zana sanarwa gaba ɗayanta a hoto guda: ranar fara rajista, kuɗin fom, lambar asusu, adireshi, duk a ciki, sai a ɗora. Makaho ya zo da TalkBack yana shafa yatsa zuwa dama, wayar ta karanta masa sunan makarantar, ta karanta jerin sassa, ta iso kan sanarwar sai ta ce hoto, ko ta shiga jero masa sunan fayil harafi-harafi. Ranar rufe rajista tana gabansa, bai ji ta ba. Maganin ba wuya: duk bayanin da ke cikin hoton a rubuta shi a matsayin rubutu na ainihi a ƙasa. Sauran hotuna kuma a ba su alt, wato rubutun da manhajar ke karantawa a madadin hoto, da ke faɗin amfanin hoton a wurin. Hoton gilashin bincike da ake dannawa, alt ɗinsa "Bincika" ne, ba bayanin siffar gilashin ba. Hoton ado zalla a ba shi alt fanko, wato a rubuta alt="" domin manhajar ta tsallake shi; cire alt ɗin baki ɗaya shi ke jawo karanta sunan fayil. Takardar da aka ɗauka da sikana aka mai da PDF ita ma hoto ce, ko da sunanta ya canza.

Shafin Hausa yana da nasa ƙarin kula. A saman HTML a rubuta lang="ha". Yawancin samfuran shafi da ake saukewa suna zuwa da lang="en", ba wanda ke taɓa shi, sai manhajar ta ɗauka Turanci ne ta karanta Hausar da lafazin Turanci. Idan an tsoma jimlar Larabci ko Faransanci a tsakiya, ita ma a yi mata alamar harshenta, ar ko fr. Rubutun ajami yana buƙatar ha-Arab tare da dir="rtl". Sannan haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ kowanne yana da lambarsa a Unicode, ƙ misali U+0199 ne, ɗ kuma U+0257. Tsofaffin salon rubutu da aka yi amfani da su a ɗab'i suna aron gurbin wata alama su zana ƙ a kanta. A allon da ke da wannan salon kalmar tana fita daidai, amma abin da ke ƙasa wata alama ce daban, kuma ita manhajar makaho da na'urar rubutun makafi za su karɓa. Duk rubutun da aka kwafo daga tsohon fayil a duba shi, a ajiye shafi da UTF-8, a kuma tabbatar salon rubutun da aka zaɓa yana da waɗannan haruffa manya da ƙanana.

Launi lissafi ne, ba ra'ayi ba. Tsakanin rubutu da bangonsa ana son bambancin haske ya kai 4.5 bisa 1. Babban rubutu, wato mai girman 18pt ko 14pt mai kauri, 3 bisa 1 ya wadatar, haka ma iyakar akwatin fom da alamomin da ake dannawa. Don a ga yadda iyakar take: ruwan toka #767676 a kan fari ya tsallake da kyar, #777777 ya faɗi. Binciken da ƙungiyar WebAIM ta Amurka ke yi duk shekara kan shafukan farko miliyan ɗaya yana nuna fiye da kashi 90 cikin 100 suna da kuskuren da na'ura ke iya ganowa, kuma rubutu mai dusashen launi shi ke kan gaba. Masu zane suna son fari a kan ruwan ɗorawa ko kore mai haske, to a auna kafin a yarda. Wannan sharaɗin yana amfanar kowa da ya taɓa ƙoƙarin karanta waya a tsakar rana a tasha. Kada kuma launi ya zama shi kaɗai ke ɗauke da saƙo, don akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore.

Fom shi ne inda mutum ke samun aiki ko gurbin karatu ko ya rasa, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Kowane akwati ya sami label, wato sunan akwatin, da aka ɗaure da shi ta for da id. Rubutun nan mai dusashe da ke zaune cikin akwati ba ya maye gurbin label: da an fara rubutu yake ɓacewa, launinsa kuma galibi bai kai ma'auni ba. Idan an yi kuskure, jan layi kewaye da akwati bai isa ba. A rubuta a fili, kusa da akwatin: "Lambar waya ta zama lambobi 11, ta fara da 0." A haɗa wannan saƙon da akwatin ta aria-describedby, a kuma mai da mutum kan akwatin farko da ke da matsala, in ba haka ba makaho zai danna "Aika" ya ji shiru, bai san ko ya tafi ko bai tafi ba. Kada a goge abin da ya riga ya cike saboda kuskure ɗaya. Bugun 2.2 ya ƙara cewa bayanin da mutum ya bayar a matakin farko kada a sa shi sake rubuta shi a mataki na uku, a cike masa ko a ba shi ya zaɓa. Ya kuma hana a dogara da hadda ko wasan ƙwaƙwalwa wajen shiga asusu ba tare da wata mafita ba, wanda ke nufin toshe liƙa kalmar sirri a akwatinta kuskure ne, duk da wasu na ɗaukar hakan tsaro. Hoton karkatattun haruffa da ake cewa a kwafa don a tabbatar mutum ne, shi kuma ƙofa ce a rufe ga makaho muddin ba wata hanyar. Idan shafi yana da wa'adin fita, a gargaɗi mutum, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari, kuma ya iya neman ƙarin aƙalla sau goma. Wanda ke cike fom da kunne ya fi mai ido ɗaukar lokaci.

Komawa kan gwajin Tab: zoben da ke nuna inda kake shi ne idon mai allon madannai. Layi ɗaya na CSS, outline: none, shi ke kashe shi, kuma ana sa shi ne don wai zoben ba shi da kyau. In bai yi maka ba ka sake masa salo, amma kada ka cire. Akwatin da ke faɗowa a tsakiyar allo ya karɓi wurin tsayawar idan ya buɗe, Esc ya rufe shi, a mai da mutum inda yake. Sandar da ke manne a sama ko sanarwar da ke manne a ƙasa kada ta rufe abin da ake kai gaba ɗaya.

Sauran ma'aunai gajeru ne. Rubutu ya iya girma zuwa kashi 200 cikin 100 ba tare da ya hau kan juna ba. Shafi ya tattaru a faɗin fiksel 320 ba sai an ja shi gefe ba, kuma kada a hana buɗa yatsu don ƙara girma a waya. Abin dannawa ya kai fiksel 24 a tsaye da kwance ko a ba shi tazara. Android ma 48 take ba da shawara. Sautin da ke tashi da kansa fiye da daƙiƙa 3 a ba da hanyar tsai da shi, domin yana danne muryar manhajar. Kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa saboda masu farfaɗiya. Bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa, har da wanda ke magana da sautuka masu ma'ana. Fassara da maganar hannu tana matakin AAA, sai dai ga kurman da maganar hannu ce harshensa na farko, ta fi masa rubutu sauƙin fahimta, don haka sanarwar lafiya ko ta zaɓe ta cancanci a yi mata.

Wajen gwaji, manhajojin duba shafi irin su WAVE da axe da Lighthouse suna kamo rashin alt, rashin label da raunin launi cikin daƙiƙoƙi. Amma ba za su gaya maka ko alt ɗin yana da ma'ana ba, ko tsarin Tab ya bi hankali. Maki 100 a Lighthouse ba shaidar cika WCAG ba ne. A yi hattara kuma da kamfanonin da ke sayar da layi ɗaya na lamba suna cewa zai gyara shafi da kansa: a Janairun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sanar da cin kamfanin accessiBe tarar dala miliyan 1 kan irin wannan iƙirarin. Tsarin da ke aiki shi ne a fara da na'ura, a bi da allon madannai, a sauke NVDA tunda kyauta ce, sannan a kunna TalkBack a waya mai araha, a cike fom ɗin daga farko har saƙon "An karɓa". Bayan haka a nemi makafi da kurame da ke amfani da waɗannan kayan kullum, a biya su kuɗin aikinsu, a ba su aiki takamaimai kamar neman ranar rufe rajista da biyan kuɗin fom, a zauna a rubuta duk inda suka tsaya ba tare da an nuna musu hanya ba.