Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Takardar Ejan

Makon jiya na ce zan kawo labarin auren Yaya Talatu, to ku yi haƙuri, mutumin barandar nan ya hana ni barci.

Lokacin muna zangon Sekondi, a ƙasar Ghana ta yau, Turawa ba su tafi ba tukuna. Baba yana leburan asibitin baƙar fata, shara da ɗaukar marasa lafiya. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, ba a rasa ma'aikacin jirgi a kwance. Wannan na barandar asibitin ɗan ƙabilar Kuru ne daga Laberiya, igiyar lodin katako ta murƙushe masa ƙafa. Akawun asibiti ya ce ba gado sai ejan kamfanin jirgin ya rubuto cewa zai biya kuɗin jinya. Ejan ya ce jirgi ya tashi, an soke sunan mutumin daga littafi. Gwamnati kuwa ta ce ba talakan Ingila ba ne, ba za ta taɓa baitulmali dominsa ba. Alhali Baturen da zazzaɓi ya kayar a jirgin nan, ran nan mota ta haura da shi asibitin Turawa.

Kwana huɗu yana baranda. An dai naɗe ƙafar da bandeji, amma ba gado, ba likita. Ni nake kai masa kokon Inna a kwanon sha. Ba ma jin yaren juna, sai ya riƙe kwanon da hannu biyu, ni kuma ina korar ƙudaje da murfi. Warin har yau yana hancina.

Baba ya shiga ya ce wa akawu, "Ranka ya daɗe, ƙafar nan fa ta fara baƙi." Amsar da ya samu, yankan sule biyu a albashi.

"Takarda ce ta kashe shi," abin da Baba ke faɗa ke nan har ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Kawu yana cewa shisshigi ne ya jawo wa Baba yankan albashin. Kawun da a 1969, da Busia, Firayim Ministan Ghana na lokacin, ya ce baƙi marasa takarda su fita daga ƙasar, shi ya fara kuka a kan akori-kura. A motar nan Baba ya sake faɗa, takarda ce, Kawu ya kau da kai.

Kwanon nan Inna ba ta ƙara zuba wa kowa abu a ciki ba. Da shi muka iso Kano, a ƙulle cikin zanenta.