Tarihin rayuwata, kashi na 11: Shekarar da aka karya sefa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba ku labarin ginin gidanmu na unguwar Garin Malam, a Damagaram. To ba zan iya shiga maganar ginin ba sai na bi ta kan 1994, domin shekarar ce ta sa ɗakin Inna ya yi damina uku ba rufi.

Inna, Allah ya jiƙanta, tana da magana ɗaya da ba ta gajiya da faɗi: "Ba a tuƙa tuwo da takarda." Ba a bakin kowa ta ji ta ba, wuya ce ta koya mata. A 1984, da Buhari ya rufe iyaka ya sauya launin naira, Baba yana da ribar shekara biyu ta fataucin da yake yi tsakanin Damagaram da Kano, ta Matamai da Daura, duk naira ce, cikin jakar fata ƙarƙashin gado. Kwanakin da aka bayar na canji suka ƙare iyaka tana rufe. Ga fari ya zo a shekarar, yunwar nan da tsofaffi ke kira El-Buhari har yau. Awakin Inna ne suka ciyar da mu, tana kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Baba bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har ya koma ga Allah.

Ni kuwa tun 1986 nake riƙe da makullin magazar wani Alhaji mai sayar da kayan gini, siminti da kwano da ƙarfe. Ba zan kama sunansa ba, ƙasa ta rufe masa ido, kuma 'ya'yansa suna gaishe ni. Albashina jika 35, wato sefa dubu 35. Tun daga 1991 kowane ƙarshen wata nake cire jika 5 in sa a gwangwanin madara, in tura shi bayan akwati. Shekara uku cif, ko da Sallah ban taɓa shi ba. Jika 180 suka taru, kuɗin kwanon ɗaki biyu da katako da ladan kafinta.

Inna ta sha ce mini: "Kai, ka riƙa sayen kwanon nan kaɗan-kaɗan kana jinginewa a zaure. Ko ka ba ni in saya maka tumaki." Na ce mata: "Inna, wannan sefa ce, ba naira ba. Faransa ce ke tsaye bayanta, ba ta motsi." Haka na faɗa, ina jin ni na yi lakwal, wato boko, na san duniya. Ta dube ni ta ce: "To, Allah ya sa." Wannan amsar da na ba mahaifiyata tana cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu.

Ranar 12 ga Janairu 1994 da safe muka ji a rediyo: shugabanni sun zauna a Dakar, an karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Na jawo gwangwanin na ƙirga, kuɗina suna nan, ko dala ba ta ɓace ba. Sai da na isa wurin aiki na gane. Alhaji ya ce a rufe magaza, kada a sayar da ko ƙusa. Kwana uku muna zaune a bakin ƙofa. Da aka buɗe, kayan da ni da hannuna na ƙirga na jera tun kafin Janairu, an ɗora musu sabon farashi.

Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na ce: "Ranka ya daɗe, shekara uku nake tara kuɗin rufi. A taimaka a ba ni kwanon a tsohon kuɗi, tsohon kaya ne." Ya ce: "Malam, in na ba ka a tsohon kuɗi, da me zan sayo wani?" Yau na san ɗan kasuwa yana da hujjarsa, sabon kaya da sabon kuɗi zai sayo shi. Amma shekara takwas ina riƙe masa makulli, buhun siminti ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Bandir biyu na roƙa, ba magazar duka ba.

Lokacin Mahamane Ousmane ne ke mulki, ɗan garinmu, bai cika shekara a kan kujera ba. Ma'aikatan gwamnati suna bin bashin albashi wata da watanni, yajin aiki yau, yajin aiki gobe. Maƙwabcinmu mushe ne, wato malamin makaranta, mutum mai kamun kai, sai da ya sayar da rediyonsa a kasuwar Dole don ya sayi maganin ɗansa, domin magani na cikin abubuwan da suka fi tashi. In ma'aikata ba su da kuɗi ba mai gini, sai Alhaji ya fara biyan mu rabi-rabi. Uwargida ce ta riƙe gidan. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, suna adashe su goma sha biyu, duk ranar Alhamis ake zubi. Ranar da ta ɗauka ba ta kwana da kuɗin, gero take saye ta zuba a randa. Ban taɓa koya mata wannan ba, a wurin Inna ta gani.

Akwai kuma wata takardar. Duk wata akawu yana ba mu takardar albashi, a jikinta akwai layin da ake cire kason CNSS, asusun da ke biyan ma'aikacin kamfani kuɗin iyali da fansho. Ma'aikaci ana cire nasa, maigida ya ƙara nasa, shi ne zai kai duka. Ina adana takardun nan cikin leda, ko ɗaya ban yar ba. Bayan an karya sefa kuɗin iyalin da muke karɓa duk wata uku suka tsaya. Na tambayi akawu ya ce jinkiri ne, ƙasa ce ba kuɗi. Na yarda, don kowa kuka yake. Sai a 2021, da na cika sittin na je neman fansho, wata ma'aikaciya mai kirki ta juyo mini kwamfuta ta ce: "Baba, duba nan. Daga 1994 zuwa 2001 ba a zuba komai da sunanka ba." Na zazzage mata ledar a kan tebur, ga shaidar an cire, wata-wata, shekara bakwai. Ta ce ta gani, amma abin da aka cire bai iso wurinsu ba. Wallahi a wurin na ji muryar Inna kamar tana tsaye bayana: ba a tuƙa tuwo da takarda. Kwanon da ya hana ni na yafe tuni. Wannan kuwa gumina ne aka cire aka riƙe, ina gaishe shi da safe ina gaishe shi da yamma. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba.

Shi ya sa a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Cedeao, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai cire daga kuɗinsa, ban bar 'ya'yana sun huta ba. Babban ɗana ya yini a layi ya dawo da abin da bai kai rabin buƙatarsa ba. Na ce masa duk wanda ke aiki a cikinku ya je da ƙafarsa ya duba ko ana zuba masa, kada ya jira furfura.

In koma 1994. Da damina ta matso, 'yan Najeriya suka cika kasuwa suna sayen dabbobi, don nairarsu ta yi ƙarfi a kan sefa, awaki suka yi kuɗi. Inna tana da jajaye guda shida, irin na Maraɗi. Wata Alhamis ta sa ƙanena ya kai huɗu kasuwa ban sani ba. Da dare ta kira ni ɗakinta, ta kwance bakin zane ta miƙo mini. Na jira ta faɗi maganar nan tata, na san na cancanci in ji ta. Ba ta faɗa ba. Cewa ta yi: "Haɗa da na gwangwaninka ka rufe ɗakin matarka, ita ke da jariri. Nawa ya jira."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka yi da ruwan gini, don a Damagaram ta lokacin kuɗin 'yan ga-ruwa sun kusa kamo kuɗin siminti.